Rasuwar Kurciya, Motar da Ta Gaji Ciwo Daga Iyayenta

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har ya rage wa fushi wurin zama, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan sana'a, da duk wanda ya taɓa jingina bayansa a kujerarta, rasuwar motata, wadda aka fi sani da Kurciya. Numfashinta ya ɗauke ne mako shida da suka wuce, wata Laraba da hantsi, a kan gadar da ke bayan kasuwar katako. Amma ban yarda ta mutu ba sai jiya Alhamis, da misalin ƙarfe biyu na rana, a hawa na biyu na ofishin waɗanda suka ƙera ta. Ta rasu tana da shekara shida da wata huɗu a hannuna.

Na san ƙarfe ce. Ba za a yi mata salla ba, ba kuma na neman kowa ya roƙa mata gafara, don ba ta yi laifin komai ba. Masu buƙatar gafara suna nan da ransu, suna zaune a cikin sanyin na'ura, kuma za a zo kansu a ƙasa.

Marigayiyar mai ruwan toka ce, mai kujera bakwai. Na saye ta sabuwa, da leda a kujerunta, bayan na yi shekara ashirin da shida ina tuƙa motocin wasu. Filin da na gada na sayar na haɗa da abin da na tara. Ranar da na shigo da ita layinmu, uwar gidana ta zagaya ta sau biyu, sannan ta koma ciki ta ɗauko tsumma ta goge inda yatsun maƙwabta suka taɓa. Ita ce ta raɗa mata suna, saboda launinta da kuma yadda take tashi da safe. Ba ta tari, ba ta gurnani. Kana murɗa makulli sai ka ji kurrr, kurrr, can ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun tada maƙwabta daga barci.

Wanda ya zauna da ita zai shaide ta. Ba ta da cin mai. Ba ta taɓa yin hayaƙi a gaban mutane ba. Ba ta taɓa tsayawa a tsakiyar titi ta sa na fito ina roƙon masu wucewa su tura ba, sai sau ɗayan nan na ƙarshe. Ƙofarta ta baya ta hagu tana rufuwa da wani ɗan ƙyas da ba ya kama da na sauran ukun, kuma na bar shi haka, don da shi nake gane kowa ya shiga ba sai na waiwaya ba. Hon ɗinta a dishe yake tun tana sabuwa, baap, kamar tsohon da ke neman a ba shi hanya ba da faɗa ba. Aibinta ɗaya da na sani shi ne ba ta son rami, kuma a wannan ra'ayinmu ɗaya ne.

Aikinta na yau da kullum shi ne ɗaukar malamai mata biyar daga gidajensu zuwa wata makaranta da ke bayan gari, inda motar haya ba ta zuwa. Shekara shida tana yi, safe da yamma, ba ta taɓa sa an rufe musu ƙofa ba. Da wannan aikin gidana yake ci. Da ta faɗi, saura kwana biyu a yi hutu, sai malaman suka ce za su jira ni har a koma. In an koma babu mota, dole su nemi wani direban, kuma ban ga laifinsu ba. Ranar Litinin mai zuwa ake komawa.

Ta rasu ta bar ni, direbanta, da uwar gidana. Ta bar malamai biyar, a cikinsu har da Malamar lissafi, wadda ta matsa mini lamba har na shiga ajin manya ina da shekara hamsin da uku, kuma ta riƙa yi mini bita a kujerar gaba, tana nuna allunan bakin hanya tana cewa in karanta. Ta bar bakanikenta, wanda ake kira Kunne saboda da saurare yake gano ciwon mota kafin ya taɓa sifana. Ta bar tayoyi huɗu, biyu daga ciki ko wata uku ba su yi ba, da batir mai rai, da safaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ta kuma bar iyayenta, wato kamfanin da ya ƙera ta da dilansa na garin nan. Ba zan ambaci sunansu ba. Ba kara nake musu ba, lauyoyinsu ne suka fi ni yawa.

Game da ciwon ajalinta, ga yadda ya kasance. Ranar Litinin na fara jin wani ɗan ƙas-ƙas-ƙas a ƙasan inji idan na taka totur. Na kai ta wurin Kunne da yamma. Ya ɗora kan dogon sukundireba a jikin injin, ya kanga kunnensa a ɗaya kan, ya daɗe yana saurare. Da ya ɗago sai ya ce, "Mutumina, wannan ƙarar daga ciki take, kuma ba ta tsufa ba ce. Ka lallaɓa ta zuwa Laraba, ka sauke malamai ka kawo mini ita in buɗe." A hanyar kai ta ne ƙarar ta koma gwaf-gwaf-gwaf, kamar ana buga ƙofa daga cikin ɗaki. Muna hawa gada ta yi gwaf guda ɗaya mai nauyi, sai shiru. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Da Kunne ya sauke kaskon mai na ƙasan inji, ya shafo da yatsa ya nuna mini. Wani gari ne mai ƙyalli a cikin baƙin man, kamar an niƙa cokali. Ya ce, "Ka ga wannan? Dattin ƙarfe ne da suka bari a ciki tun a masana'anta. Shi ya toshe hanyar mai. Ita ce ta uku irinta da aka kawo mini bana. Injin ya buga, gyara ba zai yi ba, sai sabo. Kuma kuɗin sabo, ko ni da kai aka haɗa aka sayar ba za mu kai ba. Ka je wurin iyayenta. An ce suna taimaka wa wasu, in sun ga dama."

Na je. Kafin in tafi na sa uwar gidana ta buɗe akwatin ƙarfe da muke ajiyar muhimman takardu, ta fiddo mini littafin sabis ɗin motar. A nan zan faɗi nawa kuskuren da bakina, kafin wani ya faɗa da nasa. Ranar da na sayi Kurciya ban iya karatu ba. An miƙo mini littafin tare da makulli, babu wanda ya ce mini ga abin da ake yi da shi. A gidan da na tashi, takarda mai muhimmanci ba a yawo da ita. Naɗe ta ake a leda, a sa a ƙasan akwati, a ɗora tufafi a kai, kada ta ga ruwa ko hannun yara. Haka na yi. Ko bayan da na iya karatu, har takardar cikin kwalin magani ina karantawa, ban taɓa tunanin buɗe shi ba, don a wurina abin ajiya ne, ba abin karantawa ba. Ashe kowane shafi nasa yana da gidan da ake buga hatimi duk lokacin da aka yi wa mota juyen mai.

Na ɗora shi a kan teburin mai karɓar baƙi, na kwance ledar a hankali, ina jin daɗi a raina. Ko gefensa bai lanƙwashe ba. Ta buɗe shafi ɗaya, ta buɗe na biyu, ta zazzage sauran da babban yatsa, sannan ta dube ni ta saman tabarau.

"Baba, wannan ai ko sau ɗaya ba a yi wa motar nan sabis ba."

Na ce, "'Yata, sau talatin da shida aka yi mata. Biyun farko ma a nan gidan."

"To ina hatimi?"

"Ba ku tambaye ni littafi ba a lokacin. Kuɗi kawai kuka tambaya."

Ta ce in zauna, manaja yana ganawa da baƙi.

Na zauna. Kwana goma sha ɗaya na yi ina zama a wannan ɗakin cikin makonni shida, kuma ina so ya shiga tarihin marigayiya, don wani ɓangare ne na jinyarta. Ɗaki ne mai kujerun fata guda takwas, da talabijin da ke nuna motocinsu suna hawa duwatsu ba tare da ko ƙura ta taɓa su ba, da na'urar ruwan sanyi da babu kofi a jikinta sai mai sayen sabuwa ya shigo. An ce mini manaja yana taro. An ce ya tafi babban ofis. An ce an aika wa masana'anta saƙo ana jiran amsa. An ce amsar ta zo amma mai buɗe ta yana hutu. An ba ni lambar waya, na kira, wata murya ta ce kiran nawa yana da muhimmanci a gare su, ta sa mini kiɗa har katina ya ƙare.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Aikin tuƙi ya koya mini cewa in ka yi shiru ka daɗe, mutane sukan manta kana wurin. Kujerar da nake zama tana kusa da ƙofar da ke shiga garejinsu, kuma ƙofar ba ta rufuwa duka. A rana ta uku janwe ta jawo wata mota irin tawa, fara. Shugaban garejin ya leƙa ƙasanta, ko bonet bai buɗe ba, ya ce da na kusa da shi, "Wata mai ciwon gado ce. Ta tara ke nan a watan nan. Ku tura ta can baya, kada masu saye su gani." Na kusa da shi ya tambaya ko za a biya wa mai ita. Ya ce, "Ya danganta da bakinsa. In mai hayaniya ne a biya, in mai haƙuri ne a duba littafi."

Ciwon gado. Har suna suka raɗa masa, kamar ɗan da aka haifa a gida.

A bayan wannan ƙofar, daga ciki, akwai wata takarda da aka liƙa. In ƙofar ta buɗe sai ta juyo daidai fuskata. Ba ni da saurin karatu, amma lokaci ai sun ba ni da yawa. Duk shigar mutum ko fitarsa nakan samu layi ɗaya, wani lokaci rabi. Kwana huɗu na yi kafin in kai ƙarshenta. Sanarwa ce daga masana'anta zuwa ga dilolinta, tana cewa injunan da aka ƙera tsakanin wata kaza da wata kaza suna ɗauke da ragowar ƙarfe a hanyar mai, kuma suna iya bugawa ba gargaɗi. Ta ce kada a kira masu motocin, a jira wanda ya zo da kansa. Na duba kwanan watan da ke samanta har sau uku, a ranaku daban-daban, don kada in zalunci kowa. Wata takwas ne kafin ranar da na sayi Kurciya. Suna sane suka cire mini hula, suka ce Allah ya sa alheri, suka miƙo makulli.

A rana ta takwas aka ce manaja zai gan ni. Na zo da shaidata. Tun da ban iya rubutu ba a wancan lokacin, ni ma ina da irin nawa lissafin. Duk juyen da Kunne ya yi, nakan karɓi tsohuwar filtar mai, ya karce kwanan wata a jikinta da ƙusa, in kai gida in jera a kan katako a bayan ɗakin girki. Uwar gidana ta yi shekaru tana cewa zan tara mata kyankyasai. Guda talatin da huɗu ne, kuma kowace da tambarin kamfanin a jikinta, don a kantinsu na ƙasa nake saya, ban taɓa sa mata jabu ba. Na zuba su a buhu na hau da su bene.

Manajan yaro ne, bai fi sa'an babban ɗana ba, mai murmushi tun kafin ka gama sallama. Ya ce, "Baba, sannu da haƙuri. Mun ɗauki lamarinka kamar namu." Na shimfiɗa jarida a ƙasa don kada in ɓata musu tayil, na fara jera filtocin bi da bi. Ina kan ta goma sha biyu ya ɗaga hannu.

"Baba, wannan ai shara ce."

Na ce, "Yallaɓai, a kantinku na saye ta. Lokacin ba shara kuka kira ta ba."

Ya yi dariya, ya ce ina da barkwanci. Ya juyo mini da fuskar kwamfuta, ya ce ita sau biyu kawai ta san motata, kuma abin da ba ta sani ba bai faru ba. Na tambaye shi takardar da ke bayan ƙofar gareji. Murmushin bai tafi ba, amma ya tsaya wuri ɗaya. Ya ce wace takarda. Da na sauko na leƙa, sai alamar salatif huɗu a jikin ƙofa.

Kwana biyu bayan haka suka kira ni da kansu, karo na farko. Aka ce kamfani, saboda tausayi da kuma daɗewar zumunci, zai ɗauki rabin kuɗin sabon inji. Ba zan ɓoye ba, na yi murna. Rabin da ya rage zan iya haɗawa, da ƙyar, amma zan iya, kuma Kunne ya ce kwana uku sun ishe shi ya ɗora. Da Kurciya ta tashi kafin a koma makaranta.

Sai manaja ya turo takarda mai shafi uku, mai karɓar baƙi kuma ta buɗe ɗan akwatin tawada ta ajiye kusa da hannuna. Ta ce, "Nan za ka dangwala, Baba, da nan." Na ciro tabarau daga aljihu. Suka dubi juna. Manaja ya ce ai ba wani abu ba ne, ƙa'ida ce kawai. Na ce to bari in gaisa da ƙa'idar. Na yi awa ɗaya da rabi ina bin ta da yatsa, shi kuma ya fita ya shigo sau huɗu.

A shafi na biyu aka rubuta cewa ni, mai motar, na amince injin ya lalace ne saboda sakacina da rashin yi masa sabis, kuma babu wani aibi daga masana'anta. A shafi na uku aka rubuta cewa ba zan yi maganar wannan lamari da kowa ba, a baki ko a rubuce. Na ce a ba ni in je da ita gida in yi shawara. Ya ce tayin zuwa Alhamis ne.

A gida ba a tausaya mini ba. Uwar gidana ta saurara har na gama karanta mata, ta ci gaba da ninke wanki, ta ce, "Malam, takarda ce fa. Ka sa hannu. Ni na san ba ka yi sakaci ba, Allah ya sani, kyankyasan bayan ɗaki ma sun sani. Mutuncin mota za mu dafa ranar Litinin?"

Na ce, "Sauran takwas ɗin fa, da waɗanda suke kan hanya yanzu da yara a ciki? A kan gada ta tsaya mini. Da tirela ce a bayana fa?"

Ta ce, "Su sauran suna da nasu matan, su yi musu faɗa."

Na kira Malamar lissafi na karanta mata ta waya. Ta ce, "Ɗalibina, laifina ne. Da na bar ka yadda na same ka, da ka dangwala yatsa ka huta, mu ma mu huta." Na tambaye ta me zan yi. Ta ce ita lissafi take koyarwa, kuma a lissafi in sa hannu. Ta ƙara da cewa amma ita ba za ta iya ba, sai ta kashe waya.

Kunne kuwa abin da ya faɗa ba zai shiga sanarwar rasuwa ba. Abin da zan iya kawowa shi ne ƙarshensa: "In ka sa hannu, ka rubuta cewa ni ma shekara shida ina karɓar kuɗinka ina zuba mata ruwan kwata. Ka zo ka karanta mini wannan a gabana."

Ban yi wani dogon tunani mai kyau da zan ba da labari ba. Na dai ɗauki biro sau biyu a gida, na kai shi kan layin, hannun ya ƙi. Shekara huɗu ke nan da na koyi rubuta sunana, kuma har yau ina jin nauyinsa duk lokacin da zan rubuta. Jiya na koma hawa na biyu na mayar da takardar yadda aka ba ni. Na ce wa manaja a cire shafi biyun nan in sa hannu a na farko yanzu-yanzu. Ya ce kamfani ba ya cire shafi. Na ce ni ma ba na ƙara wa kaina laifi. Ya miƙe ya gyara rigarsa ya ce, "To Baba, kai ka kashe motarka da taurin kai." Na duba agogon da ke bayansa, ƙarfe biyu saura kaɗan. Shi ne lokacin da na rubuta a sama.

Don haka, ga wanda zai tambayi sanadi: Kurciya ta rasu ne da ciwon da ta gada daga iyayenta, waɗanda suka san da shi tun kafin su sayar da ita, suka raɗa masa suna, suka liƙa labarinsa a bayan ƙofa, suka jira ya kashe ta, sannan suka nemi in ɗauki gawar in ce ni ne. Ina yi musu fatan tsawon rai da lafiyar kunne, don su ji abin da ake faɗa a kansu.

Iyalan marigayiya suna godiya ga masu sayar da katako shida da suka tura ta daga kan gada ba su karɓi ko sisi ba, da direban janwe da ya ɗaure ta a hankali, da mai sharar ofishin kamfanin da ya kawo mini ruwa a kofinsa a rana ta biyar. Uwar gidana ba ta cikin masu karɓar gaisuwa a halin yanzu, don ba ta magana da ni. Wanda ya je wurinta ya gaishe ta da abin da ya same ta, kada ya ambaci mota.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Gobe Asabar da ƙarfe tara na safe janwe za ta ɗauko gawar daga garejin Kunne zuwa tsallaken titi, daidai ƙofar gidan da ake baje kolin sababbin motocin kamfanin. Wurin na mai facin taya ne, ya ba ni aro, kuma na tambayi hukumar da ke kula da titi an ce mini ba a hana mota mutuwa a nan ba. Za a wanke ta, a goge gilasanta, a buɗe bonet. Za ta kwanta a wurin kwana uku. An zaɓi Asabar ne saboda ita ce ranar da masu saye suka fi zuwa da iyalansu.

Ba za a ɗaga allo ba, ba za a yi ihu ba, ba za a tare wa kowa hanya ba. Duk wanda ya zo da niyyar jifa ko zagi ya zauna a gidansa. Benci zan ajiye in zauna. Wanda ya tsallako ya tambaye ni me ya sami mota mai kyau haka, zan faɗa masa, tun daga farko, a hankali, in kuma yana da lokaci in nuna masa ƙasan inji ya shafa da yatsarsa. Masu motoci irinta da suka riga ta tafiya, in wannan sanarwa ta iske ku, ku jawo naku. Mai faci ya ce wurin zai ɗauki biyar in an matsa.

Ranar Talata da safe masu sayen ƙarafa za su zo su raba ta. Tayoyi da batir da kujeru na sayarwa ne, mai so ya yi wa Kunne magana. Injin kuwa ba na sayarwa ba ne, don ba zan sa wani a abin da aka sa ni ba. Za a ɗora shi a baro, a tsallaka da shi titi, a ajiye wa iyayensa a bakin ƙofa. Su suka haife shi, su san inda za su binne shi.

Gyara ɗaya a kan lokutan zaman makoki. Ranar Litinin, daga ƙarfe shida zuwa takwas na safe, ba za a same ni a kan benci ba. Malamai sun sami sabon direba, kuma bai san gidajensu ba, bai san wadda ake yi wa hon da wadda ake jira shiru saboda mijinta yana barci ba. Zan shiga motarsa, a kujerar baya, in nuna masa hanya sau ɗaya. Wanda ya zo gaisuwa a wannan tsakanin zai tarar da Kunne, shi zai riƙa amsa tambayar masu saye a madadina. Ina ba kamfani haƙuri tun yanzu, don bakinsa ba irin nawa ba ne, kuma ban ce masa ya rage komai ba.

Sanarwa daga direbanta, a madadin iyalai.